Yadda Ake Kafa Akwatin Aron Littattafan Yara a Unguwa, Ya Kuma Ɗore

Tun da mutane suka ji labarin akwatin littattafan da muke buɗewa a zauren gidanmu, ake ta yi mini tambaya iri ɗaya: ta ina ake farawa, nawa ake kashewa, kuma yaya ake yi yara su dawo da littafin? Wasu ma sun riga sun gwada a unguwanninsu, abin ya yi wata biyu ko uku ya mutu. Mu ma na farkonmu mutuwa ya yi, kuma ba rashin littattafai ne ya kashe shi ba. Mutum ɗaya ne yake riƙe da komai, babu rajista, kuma littattafan da yara suka gani a makon farko su ne dai suke gani a wata na huɗu. Ga yadda muka sake shiri, bi da bi. A bi jerin yadda yake, domin yawancin masu faɗuwa da mataki na huɗu, wato tara littattafai, suke fara aikin.

1. Nemo masu riƙo kafin littafi

Kada ka sayi ko littafi ɗaya sai ka samu mutum uku da suka amince za su riƙe aikin: mai buɗe akwati, mai rajista, da mai ajiyar kuɗi. A cikin ukun nan lallai a samu mace, domin akwai gidajen da namiji ba zai shiga ba, kuma 'yan mata da suka fara tasawa ba za su zo su zauna a zaure cikin samari ba. A wajenmu mai ɗakina ce take riƙe da rabin littattafan a cikin gida, 'yan mata da ƙananan yara wurinta suke zuwa.

Ka zaɓi wanda zamansa a unguwa tabbatacce ne: tela mai shago a bakin layi, malamar da ta yi ritaya, mai kemis. Ɗalibin jami'a yana da zafin nama, amma da an koma makaranta shi ke nan, akwati ya rufu. A sa shi a matsayin mataimaki.

Gargaɗi: kada mai ajiyar kuɗi ya zama shi ne mai sayen kaya. Ko da naira dubu biyu ce a asusun, raba hannun nan yana toshe bakin masu zargi tun kafin su buɗe shi.

2. Kai gaisuwa wurin manya

Ku je wurin mai unguwa, ku je wurin limamin masallacin layi, sannan shugaban Islamiyyar da yawancin yaran suke zuwa. Ku tafi da littattafai uku ko huɗu a hannu su duba da idonsu. Ranar da muka je, mai unguwarmu ya juya littafin gaba da baya, ya ce, "Malam, wa ya turo ku da wannan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, babu wanda ya turo mu, aljihunmu ne da na maƙwabta." Sai da ya ji haka hankalinsa ya kwanta. Tambayar da kowane uba zai yi ke nan, don haka ku shirya amsarta ta gaskiya. In akwai wata ƙungiya da ta ba ku littattafai, ku faɗi sunanta tun farko, kada a ji daga baya.

Iyaye mata kuwa a bi su gida-gida, ko a yi musu bayani a makarantar dare ta matan aure. Su ne za su ga littafin a tsakar gida, su ne za su ɗauke shi daga bakin murhu.

3. Wuri da akwati

Wataƙila ka taɓa ganin hotunan ƙananan akwatunan nan masu kama da gidan tsuntsu da ake kafawa a bakin titi a Amurka. Wani mutum mai suna Todd Bol ne ya fara kafa irinsu a garin Hudson na jihar Wisconsin a 2009, kowa ya zo ya ɗauki littafi ya ajiye wani. Tsarin yana da kyau a inda kusan kowane gida yake da rarar littattafai. A wurinmu yaro ba shi da wanda zai ajiye a madadin wanda ya ɗauka, ga rana, ga ruwan damina, ga ƙurar hunturu, kuma takardar da ba ta da mai tsaro ƙarshenta wurin mai ƙosai ko mai tsire. Namu sai da mutum a kusa, sai da makulli.

Abin da ake buƙata ba shi da yawa: akwatin ƙarfe irin wanda 'yan makarantar kwana suke tafiya da shi, kwaɗo mai makulli uku, tabarma biyu, da bulo huɗu. Bulon na ɗora akwati ne, kada ya taɓa ƙasa, kada kuma ya jingina da bango. A bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da gini. Kanta ta katako ta fi kyan gani, amma a ɗakin ƙasa abincin gara ce. Kwali kuwa kada ma a soma. Da shi muka fara, a damina ɗaya gara ta shigo ta ƙasa ta cinye littattafai goma sha ɗaya, ba mu ankara ba sai ranar da muka ɗaga na ƙasa muka tarar da jar ƙasa a maimakon shafuka.

Wurin ya kasance inda uwa za ta yarda ɗanta ɗan shekara shida ya je shi kaɗai ba tare da tsallaka babban titi ba. In unguwar tana da girma, akwati biyu ƙanana a layi biyu sun fi babba ɗaya a tsakiya.

4. Tara littattafai

Fara da kaɗan. Lissafin da ya yi mana aiki shi ne littafi biyu ga kowane yaro: yara 30, littattafai 60. Da haka ko rabi suna waje, wanda ya zo zai tarar da abin zaɓa. Kada ka rubuta yara fiye da yadda littattafan za su ɗauka, sauran su jira zagaye na biyu.

Wajen rabo, mafi yawa su zama na Hausa kuma na masu fara karatu: hoto babba, layi ɗaya ko biyu a shafi. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ɗaukar cewa ɗan aji huɗu yana karatu kamar ɗan aji huɗu. Ka ba shi littafi ka saurare shi tukuna. Da yawansu har yanzu haɗa baƙi suke yi, kuma in ka miƙa wa irin wannan yaro littafi mai ƙananan rubutu cike da shafi, zai karɓa don kunya, ya ajiye a ƙarƙashin katifa, ba zai sake dawowa ba. Na Turanci masu sauƙi su biyo baya, sannan 'yan kaɗan na manyan yara.

Hanyoyin samu uku ne. Ta farko gidajen unguwa: akwai tsofaffin malamai da ma'aikata da suke da littattafan da 'ya'yansu suka girma suka bari. Ta biyu saye. A Kano masu littattafai suna nan a kasuwar Sabon Gari, kuma littattafan NNPC, kamfanin buga littattafai na Zariya, har yanzu ana samunsu. Magana Jari Ce na Abubakar Imam littafi uku ne, a saye su duka, domin yaron da ya gama na ɗaya sai ya tambayi na biyu. Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya shi ma jeri ne, ya dace da matsakaita. Hanya ta uku ita ce bugawa da kanku, wadda na ware mata mataki na gaba.

Gargaɗi na farko: ba kowace kyauta ake karɓa ba. An taɓa kawo mana kwali biyu, muna ta murna, da muka buɗe sai littattafan lissafin kuɗi na jami'a da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Mai kyautar da zuciya ɗaya ya kawo, amma da mun zuba su a akwati da sun binne 'yan littattafan hoton da yara suke nema. A yi godiya, a kai su inda za su yi amfani.

Gargaɗi na biyu: littattafan da gwamnati ko ƙungiyoyi suka raba wa makarantun firamare, irin na shirin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato, na makarantun ne. In wani ya kawo maka su da tambarin makaranta ko rubutun cewa ba na sayarwa ba ne, kada ka saya, kada ka karɓa, sai in hukumar makarantar ce ta bayar a rubuce.

Gargaɗi na uku, wanda ya fi sauran nauyi: kada littafi ya shiga akwati sai babba ɗaya a cikinku ya karanta shi daga bango zuwa bango, ya kalli kowane hoto. Hoto ɗaya da bai dace da tarbiyyar gida ba ya isa ya sa uba ya hana 'ya'yansa zuwa, ya kuma faɗa a majalisa. Littattafan soyayya na manya ba wurinsu ba ne. Masu ɗauke da ayoyin Alƙur'ani kuma a ware su a jaka ta daban a saman akwati, a ba yaran da suka san yadda ake girmama su.

5. Buga naku

Nan ne arha take. Akwai shafukan intanet da suke ba da labaran yara kyauta da izinin saukewa da bugawa: African Storybook na wata cibiya mai suna Saide a Afirka ta Kudu, StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, da Bloom Library. Duk ukun suna da labarai cikin Hausa, an kuma jera su bisa matakin karatu.

Kafin ka biya kuɗin bugu, karanta Hausar da kyau a waya. Wasu fassara ce mai rauni, wasu kuma an zubar da ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ. Yaron da yake koyon karatu bai kamata ya ga "kasa" a inda ake nufin "ƙasa" ba. Wanda Hausarsa ta karkace a bar shi, akwai wasu.

A shagon kwamfuta ka ce a buga maka gaba da baya, shafi biyu a kowace fuska, yadda za a ninke takardar ta zama ɗan littafi. Takardar A4 ɗaya tana ba da shafi huɗu, saboda haka littafi mai shafi 16 takarda huɗu ce kawai, sai ta bango. A fara buga kwafi ɗaya, a ninke, a ƙirga shafukan a ga sun bi juna, sannan a ci gaba. Mun taɓa buga goma a jere kafin mu lura bayan kowace takarda a kife yake.

Ka tambaya wace irin na'ura ce. Mai tawadar ruwa tana da arha wajen launi, amma ɗigon ruwa ɗaya ko gumin hannu sai hoton ya narke. Mai garin tawada, wato leza, ita ce mai jure hannun yara. In kuɗin launi ya yi yawa, a yi bango da launi, ciki baƙi da fari. Bangon a yi shi da takarda mai kauri.

Wajen haɗawa, ɗinki ya fi sitefila. Ƙarfen sitefila yana tsatsa da damina, ya ci takardar tsakiya, ya kuma soki yatsa. Huda uku a kan ninkin, allura babba da zaren masu ɗinkin takalmi: a shiga ta hudar tsakiya, a fita ta sama, a tsallake zuwa ta ƙasa, a dawo tsakiya a ƙulle. Yara manya suna koyon wannan a zama ɗaya.

6. Lamba, tambari da riga

Kowane littafi a ba shi lamba tasa, a rubuta a bango da shafin farko da wani shafi na tsakiya, domin bango yakan cire. A sassaƙa tambari mai sunan unguwa, a buga a wuraren nan uku. Littafi mai tambari in ya ɓata a wani gida, wani zai gane shi ya dawo da shi.

Sai alamar mataki a ƙashin bayan littafi: kore na masu fara haɗa baƙi, ruwan ɗorawa na matsakaita, ja na waɗanda suka iya. Kada a rubuta aji ko shekaru. Ɗan shekara goma sha biyu zai ɗauki kore ba tare da jin kunya ba, amma ba zai taɓa wanda aka rubuta wa "aji ɗaya" ba.

A ƙarshe a sa wa bango rigar farar leda mai kauri, irin ta shimfiɗa a tebur, ana sayar da ita yadi-yadi. A rubuta jerin dukan littattafan da lambobinsu a bayan littafin rajista.

7. Rajista da dokar aro

Sayi babban littafin rubutu mai bango mai tauri. Kowane yaro a ba shi shafinsa: a sama sunansa, gidan su wa, da sunan babban da ya tsaya masa. A ƙasa layi uku: ranar ɗauka, lambar littafi, ranar dawowa. Shafin kowa daban ya fi jerin kwanaki sauƙin bincike, kuma yara suna son ganin shafinsu yana cika. Akwai masu zuwa su ce a ƙirga musu nawa suka karanta.

Kada a rubuta yaro sai uwa, uba ko yaya ya zo da shi sau ɗaya, ko mai riƙo ta je gidan. Dokoki kuma kada su wuce huɗu, yadda yaro zai haddace: littafi ɗaya a lokaci ɗaya, mako ɗaya, a wanke hannu, kada a ba wani aro sai ta akwati. Mako biyu na farko a karanta a wurin kawai, ba fita da littafi. A nan ne ake koya musu buɗe shafi daga kusurwar sama ba tare da lasar yatsa ba. A ba kowa jakar leda da zai riƙa sa littafin.

Yanzu batun tara, wanda a kansa na fi samun saɓani da mutane. Ni ban yarda a ci yaro tarar kuɗi ba. Mun gwada. Wata yarinya 'yar aji uku, wadda ba ta taɓa fashi ba, ta ɓace mana mako uku. Da mai ɗakina ta bi ta gida, sai ta fito da littafin daga cikin kwanon tallarta, shafuka sun manne, tana hawaye ta ce, "Inna, ƙanena ne ya zuba masa koko, kuma ba ni da kuɗin biya." Littafin da muka buga da takarda huɗu ya kusa raba mu da yarinyar da ta fi kowa karatu a layin. Daga ranar muka soke tara. Wanda ya lalata littafi ya kawo shi a yadda yake, ya zauna a gyara tare da shi. Wanda ya ɓatar, a sanar da babban da ya tsaya masa, yaron ya yi mako biyu yana karatu a wurin kafin a sake ba shi na tafiya gida. Duka ko tozartawa a gaban yara babu su ko kaɗan.

Ku sa a ranku cewa wasu littattafan za su ɓata, wasu za su mutu da tsufa. Wanda ya yage saboda yawan hannu ya yi aikinsa, a sake buga shi.

Gargaɗi: bibiya a yi ta a makon da littafi ya makara. In aka bari ya yi wata, yaron ya fara ɓuya, littafin kuma ya riga ya bar gidan.

8. Rana da lokaci

Rana ɗaya tabbatacciya a mako ta fi kullum da babu tabbas. Yaranmu da safe suna boko, da yamma Islamiyya, Asabar da Lahadi ma da yawansu suna hadda. Inda aka fi samun sarari shi ne Alhamis da yamma ko Juma'a bayan la'asar, lokacin da makarantun allo da yawancin Islamiyyu suke hutu. A tashi kafin magariba. 'Yan mata masu talla a tambaye su lokacin da ya dace da su, ko da rabin awa ce daban. Da azumi a mayar da shi safiya.

Kada a tsaya a miƙa littafi kawai. Kowane zama a fara da minti goma sha biyar na karatu a bayyane: babba ya karanta labari yana nuna hoto, ya tsaya a tsakiya ya tambaya me suke jin zai faru. Littafin da aka karanta a ranar shi za a yi rububinsa, don haka a tanadi kwafi biyu ko uku. Almajiran da za su tsaya a bakin ƙofa suna leƙe a ce su shigo su zauna. In suna son aro, malaminsu ne mai tsaya musu.

9. Kuɗi

Farashi yana sauyawa kusan kowane wata, don haka ka je kasuwa da jerin kayan nan ka yi naka lissafin: akwati, kwaɗo, tabarmi, littafin rajista, tambari da tawadarsa, leda, zare da allura, gam, bugu, da littattafan saye. Za ka ga littattafai da bugu su suka cinye mafi yawa. Sauran sau ɗaya ake sayensu.

Abin da yake ɗorar da aikin shi ne ƙaramin kuɗi mai shigowa a kai a kai. Gidaje goma da za su riƙa ba da abin da bai fi kuɗin katin waya ba duk wata sun fi mai kuɗi ɗaya da zai ba da da yawa sau ɗaya. Kada a ɗora kuɗin a kan yaro, kuma kada a hana ɗan gidan da bai bayar ba. Abin da ya shigo a raba uku: kashi biyu na sababbin littattafai, kashi ɗaya na gyara. Duk wata uku a rubuta shiga da fita a takarda a manna a cikin murfin akwati.

Ina ba da shawarar a guji karɓar kayan ɗan siyasa masu hotonsa. Rabin unguwa za su janye 'ya'yansu.

10. Gyara da tsaro daga ƙwari

Zaman ƙarshe na kowane wata na gyara ne. A fito da komai, a kakkaɓe, a share akwati, a duba ƙarƙashinsa ko gara ta fara gini a jikin bulo. A ƙirga littattafai a gwada da jerin rajista. Shafin da ya cire a manna shi da farin gam na kafintoci, siriri, a danne da abu mai nauyi ya kwana. Salatif yana narkewa da zafi ya bar danƙo, a bar shi ga rigar leda kawai. Kada a yi manni da kunun fulawa ko sitaci, kiran kyankyaso ne. Littafin da ya jiƙe a buɗe shi a inuwa inda iska take kaɗawa, ba a rana ba.

Busasshen ganyen darbejiya a cikin ƙyalle, a kusurwar akwati, yana taimakawa wajen korar ƙwari, a riƙa sauya shi. Kafur da fiya-fiya kada su kusanci akwatin. Kafur fari ne kamar alewa, ƙaramin yaro zai iya kai shi baki.

11. Musaya da miƙa makulli

Bayan wata huɗu zuwa shida, masu ƙwazo za su karance duk na matakinsu da suke akwatin, zuwa zai fara raguwa. Tun kafin a kai nan, ku nemi wata unguwa ko wata makaranta ku taimaka musu su kafa nasu, da littattafan da ba irin naku ba. Duk wata uku a yi musayar littattafai 20 ko 30, a rubuta lambobinsu a takarda biyu, kowane ɓangare ya sa hannu ya riƙe ɗaya. Akwati uku da suke juyawa a tsakaninsu suna ba yaro sabon abin karantawa shekara guda ba tare da an ƙara kashe kuɗi mai yawa ba.

Tun watan farko ku zaɓi yara biyu manya, mace da namiji, su riƙa rubuta rajista a gabanku. Duk zangon karatu a sauya su, wasu ma su koya. Makulli uku kuma kada su kwana a gida ɗaya. Ranar da mai buɗewa ya yi tafiya ko rashin lafiya, na biyu ya buɗe a daidai lokacin da aka saba, ko da yara biyar ne suka zo. In mai riƙo zai tashi daga unguwa, a zauna a ƙirga littattafai da kuɗi a gaban sauran biyun, a rubuta, sannan ya miƙa makullinsa ga wanda aka riga aka koya wa aikin.